Kafin ka ɗora wa shokozoba laifi: yadda nake bin ciwon ƙafar gaban tsohuwar Marsandi

Wata Lahadi bayan la'asar aka sauke mini Marsandi daga kan sataha, wato motar ɗaukar motoci, a ƙofar garejina, a nan Sana'iyyar Jidda. 230E ce ƙirar 1982, cikin jerin da kamfanin ya sa wa lamba W123, waɗanda aka fara ƙerawa a 1976 aka rufe a 1986. Mai ita wani Alhaji ne daga Shari' Mansur a Makka. Gadon mahaifinsa ce, ta shekara 11 a ƙarƙashin rumfa ba ta motsa ba. Ya tayar da injin, ya yi fenti, ya sa an ɗinke kujeru, amma duk maɗabbin da ta taka, wato tudun rage gudu, sai gaban ya amsa da ƙwas, kuma tana janye sitiyari zuwa dama. Takardunta sun mutu, ga fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, na jiran ta, shi ya sa aka ɗauko ta a kan sataha.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Mu'allim, musa'adat ne, ka nemo mini masu kyau."

Na ce, "Baba Alhaji, wa ya duba ya ce su ne?"

Ashe sau biyu ana canja su a wani gareji, ƙarar tana nan inda take. Musa'adat shi ne sunan da Larabawan nan ke kiran abin da mu a Kano muke ce wa shokozoba, kuma a bakin masu mota shi ne mai laifin kowace ƙara. Shekarata 26 ina kwanciya a ƙarƙashin mota. Wanda ya koya mini aikin Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno, Allah ya ji ƙansa, kuma ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya faɗa masa da baki inda ƙarar take fitowa. A wurinsa na koyi cewa a motar da ta daɗe a ajiye, shokozoba ne na ƙarshe da za ka tuhuma. Ba shi ne ke ɗauke da nauyin mota ba, sifirin ne. Ba shi ne ke riƙe taya a mazauninta ba, maƙas (hannun ƙarfen da ke haɗa taya da bodi) da bushin (robar da ke gindinsa) da boljon (gaɓa mai ƙwallo) ne. Aikinsa ɗaya, ya hana sifirin ci gaba da rawa bayan ya lotsa. To ga yadda nake bi, kuma da wannan Marsandin zan yi maka misali, ko da yake yawancin abin ya shafi Caprice da Cressida da Fijo 504 duka.

Tun tana ƙasa

Kada ka yi saurin sa jak. Akwai abin da mota ke nuna maka tana tsaye a kan ƙafarta, wanda da ka ɗaga ta ya ɓace.

Fara da taya. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2311, mako na 23 ke nan a 2011. In lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, ba ta da wani amfani sai dai a yi wa akuya makwancin ruwa. Tayoyin Alhaji zanensu kamar sababbi, amma roba ta ƙeƙashe, kuma gefen da ya daɗe yana taka ƙasa ya baje. Irin wannan tayar tana girgiza sitiyari ta kuma yi dum-dum a hanya, mutum ya rantse shokozoba ne. Ni kan ɗauro aron tayoyi biyu masu lafiya a gaba kafin in ci gaba da komai, in cika iska daidai. Bincike a kan mataccen taya jifa ne a duhu.

Shafa tafin hannunka a kan tsohuwar tayar kafin ka jefar da ita, tana ɗauke da tarihin motar. In gefen ciki kaɗai ya cinye, ko na waje kaɗai, tayar ta karkace ne, matsalar saiti ce ko bushin. In ka shafa ta wannan gefen sumul, ta wancan gefen tana kartar hannu kamar haƙoran zarto, bakin tayoyin ne ba su fuskanci gaba daidai ba, ka duba tayarod. In kuwa ka ji kwari da tudu a jere zagaye da tayar, kamar an ɗebe da ludayi, nan ne za ka fara sa wa shokozoba ido, don alama ce tayar tana tsalle a kan kwalta.

Sai awon tsayi. A sami daɓe mai shimfiɗa, a kwashe kayan but, a girgiza motar ta zauna da kanta. Kada ka auna daga ƙasa, taya za ta yaudare ka. Ɗora tef a tsakiyar wili ka ja shi sama zuwa leɓen madigadi, ka rubuta, ka yi haka a kusurwa huɗun. Na ce huɗu, ba biyun gaba kaɗai ba, saboda in sifirin baya na hagu ya gaji, gaban dama ne zai ɗaga kai, ka yi ta neman ciwo inda babu shi. A motar Alhaji gaban dama ya fi na hagu sauka da santimita biyu da ɗoriya, baya kuwa daidai yake. Na rubuta a jikin kwali na ajiye. Sabon shokozoba ba ya tayar da motar da ta durƙusa. Mai gas yakan ɗan ƙara mata 'yan milimita, shi ke nan.

Gwajin nan da kowa ya sani, na danna gaban mota a saki a ƙirga rawarta, ina yin sa, amma ban ba shi amana ba. In ta yi ta lilo sau uku, sau huɗu, to shokozoba ya mutu murus, babu gardama. In ta tsaya nan take, wannan bai wanke shi ba. Bushin da ya sandare ko boljon da ya bushe yakan riƙe ƙafar ta ƙi motsi, sai ka ce lafiya ce.

Kukan kurciya

In motar tana iya tafiya, ka shiga ka kashe AC, ka sauke gilashi, ka bi ta kan maɗabbai a hankali. Mu nan ba ma rasa su, kowane lungu akwai. Kukan kurciya jawabi ne, kuma kowace ƙara da lokacin da take fitowa, lokacin ne ya fi muhimmanci a kan ita kanta ƙarar.

Ƙwas guda mai nauyi a ƙarƙashin ƙafar direba ko ta na gefensa, daidai sa'ad da ka taka birki ko ka sake shi, wannan a W123 kusan kullum abu ɗaya ne. Akwai sandar da ta taso daga maƙas na ƙasa ta yi baya ta shiga jikin bodi daidai inda kake ajiye ƙafa, ita nake kira sandar baya, ita ke hana taya ja da baya in an taka birki. A gindinta akwai mazauni mai roba da ƙwallo. In ya lalace sai ka ji kamar ana buga maka guduma a tafin ƙafa. Ƙiiƙi kamar tsohuwar ƙofar zaure in kana juya sitiyari a tsaye, boljon na ƙasa ne ya bushe, kuma wannan ba ƙarar da ake cewa bari sai wata ya yi ba ce. Kwaram-kwaram mara nauyi a kan hanya mai tsakuwa, wadda takan ɓace a kan kwalta mai kyau, robobin sandar daidaito ne, wadda a gida ake ce wa sitabilaiza, ko kuwa robobin saman shokozoba. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda yake sauya murya in ka karkata hagu ko dama, boris ne. Sitiyari na kakkarwa tsakanin gudun 90 da 110 ya daina in ka wuce ko ka rage, ka tafi banshar, shagon masu gyaran taya, a yi maka tarsis, wato balansin taya, kafin ka kwance ko noti ɗaya.

Janyewa gefe kuma, musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In janyewar ta bi tayar, ka gama. In ba ta bi ba, yi tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka kusa da kowane wili. Wanda ya fi zafi, birkinsa ne ke kamawa. Motar da ta daɗe a tsaye fistan birkinta kan yi tsatsa ya maƙale, wani lokacin kuma tiyon birkin ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi ba ya barinsa ya dawo. Rabin janyewar motar Alhaji daga nan take, ba ruwanta da ƙafa sam.

Yanzu ɗaga ta

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Sa matokaran ƙarfe a ƙarƙashin shasi, ka sa katako a bayan tayoyin baya. Bulo ba matokari ba ne, yakan fashe ba sallama.

Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, sa yaro ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ne. Yana nan, boljon ne ko bushin maƙas na sama. Boris na W123 ana ɗaure shi ne da noti mai matsewa, kuma wasan da kamfani ya yarda da shi tsakanin 0.01 ne da 0.02 na milimita, abin da hannu ba ya ji sai agogon awo. Masu ɗaure shi tamau don kashe wasa su ne ke ƙona shi a hanyar Madina.

Sai ka kama ta hagu da dama ka girgiza. Wasa a nan na sitiyari ne. Wannan motar ba ta da rak irin na motocin yanzu, akwati gare ta, da tayarod biyu, da sandar tsakiya, da wani hannu a ɓangaren dama mai bushin a cikinsa wanda yake taya akwatin riƙe sandar. Hanyar da na fi so ita ce in sauke motar a kan tayarta a bisa rami, yaro ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, ni kuma in bi kowace gaɓa in runtse hannu a kanta. Gaɓar da ta ci, za ka ji tana bugun tafinka kafin ido ya gani. A bakin sitiyari kuma, wasan da ya wuce milimita 25 ya yi yawa. Akwatin yana da notin saiti a samansa, amma kada ka taɓa shi sai ka tabbatar duk gaɓoɓin ƙasa lafiya suke. Na sha karɓar motar da aka matse akwatinta don ɓoye tayarod da ya ci, sitiyari ya daina komowa da kansa bayan kwana, akwatin kuma ya lalace. Akwai kuma ƙaramin shokozoba kwance a jikin sandar tsakiya, shi ke shanye dukan da hanya ke aiko wa hannunka. Kwance gefe ɗaya ka ja ka tura. In babu nauyi, canja shi, ba shi da tsada.

Boljon na ƙasa yana da nasa gwajin, kuma nan mutane da yawa ke faɗuwa. Sifirin yana zaune ne a kan maƙas na ƙasa. In motar tana rataye a kan shasi, ko gaɓar ta ci ba lallai ta motsa ba. Sa jak a ƙarƙashin maƙas ɗin kusa da taya, ka ɗaga har nauyin ya koma kan jak, sannan ka zura liba a ƙarƙashin tayar ka ɗaga sama, wani yana kallon gaɓar. Ka kuma duba robar da ta lulluɓe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, kuma boljon na Marsandi ba shi da bakin sa giris irin na Caprice da za ka cika ka ƙara masa kwana. Ko babu wasa, in robar ta yage a motar da ta shekara 40, ni canjawa nake yi. Shi ne yake ɗauke da nauyin kusurwar. Ranar da ya tsinke tayar kan shige cikin madigadi, motar ta durƙusa a inda take, ko a kan babban titin Haramain ne.

Na Alhaji duka biyun robarsu ta zama gari. Mazaunin sandar baya na dama kuwa da hannu na kaɗa shi. Na kira shi ya sauko ramin ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To kuɗin musa'adat ɗina fa?" Na ce sai dai mu duba ko za su moru.

Zafi da gishiri

Motar da ta tsufa a Jidda da wadda ta tsufa a Riyad ko Ƙasim ba ciwo ɗaya suke yi ba. Ta can ƙarfenta kan fito fes, amma duk wani abu na roba ya gasu. Ta nan kuwa iskar Bahar Maliya da raɓar dare sun ci ƙarfen, in kuma tana cikin waɗanda ambaliyar Nuwamban 2009 ko ta Janairun 2011 ta shafa, to laka na nan maƙale a lungunan da ruwan wanki ba ya kaiwa. Makka ba ta kai mu danshi ba, amma zafinta ba ya raga wa roba.

Wuri biyu nake tsokana da sukuddireba a W123. Na farko kwanon da saman sifirin yake zaune a ciki, wanda aka yi wa walda a jikin bodi. Kankare dattin ka haska fitila a bakin waldar. In ya tsage ko ya ruɓe, dakatar da komai sai an gyara shi, don sabon sifirin zai ƙarasa shi. Na biyu bakin sandar daidaito. A wannan motar sandar tana bin bangon da ke bayan injin ne, bakinta biyu suna shiga maƙas na sama, har ma tana taya shi tsayuwa. Ruwa kan kwanta a ƙarƙashin robobin ya ci bakin har ya sirance. In ya karye, saman tayar ya rasa mai riƙe shi ta gaba da baya, kuma fitar da sandar gaba ɗaya aiki ne na kwanaki. Robobinta na tsakiya, ɗaya yana ɓoye a ƙarƙashin mazaunin batir, shi ya sa kusan ba mai canja su.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayen kayan roba a tashlih, wato inda ake fasa matattun motoci a sayar da kayansu. Ina zuwa can, ina sayen wili, da maƙas na ƙasa in nawa ya lanƙwashe, da ƙarafuna iri-iri. Amma bushin da aka ciro daga motar da ta kwana shekara 20 a rana tsaran wanda kake cirewa ne. Haka kuma tsohon kaya da ba a taɓa ɗaurawa ba, wanda ya tsufa a kan kanta cikin kwalinsa: na ƙarfe alheri ne, na roba ka lanƙwasa shi ka gani, in ya nuna tsaga ka mayar wa mai shago.

Ga shi mun iso kan shokozoba

Duba jikinsa tukuna. Ɗan dasashin mai da ƙura ta manne a kai ba komai ba ne. Mai yana gangarowa har ƙasa, ya tafi. Sandarsa mai sheƙi in ta yi tsatsa ko tabo, za ta yanka robar bakin ko yau ko gobe. Bayan tafiya a hanya mara kyau taɓa jikinsa a hankali: mai aiki yakan yi ɗumi, don motsin da yake shanyewa zafi yake komawa. In ɗaya da ɗumi ɗaya sanyi ƙalau, mai sanyin ba ya komai.

Wajen cirewa ka kula da kyau. A gaban W123 shokozoba ne ke tsayar da maƙas in taya ta rataya. In ka kwance notin sama motar tana sama ba komai a ƙarƙashin maƙas, sifirin zai finciko shi ƙasa da ƙarfi. Ko dai ka kwance tana tsaye a kan tayarta, ko ka tokare maƙas da jak. Na sama notuna biyu ne a cikin gidan injin, na ƙasa ƙananan notuna biyu a jikin maƙas. Kada ka kama sanda mai sheƙin da filaya don hana ta juyawa, samanta akwai wurin da aka tanada don riƙewa. A Caprice abin ya fi sauƙi, shokozoba a cikin sifirin yake, ta ƙasa ake zaro shi. A Fijo 504 kuwa shi da sifirin a haɗe suke, dole a sauke su tare.

In ya fito, tsayar da shi a miƙe yadda yake a jikin mota, ka matse gindin, ka ja ka tura har ƙarshe sau da yawa. Nauyin ya zama bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma ja ya fi turawa nauyi. In akwai inda ya tafi fayau kafin ya kama, ko yana kukan kumfa, ya gama. Mai gas in ka tura shi ka saki zai miƙe da kansa, in bai miƙe ba gas ya fita. Gwada biyun a jere, bambancin da ke tsakaninsu ya fi komai faɗa maka gaskiya. Kuma biyu ake canjawa, ba ɗaya ba. Mai gas kada a kusantar da shi da wuta, kada a sa masa walda.

Na Alhaji sababbi ne, ba su mutu ba, amma ba na motar ba ne. Na jera su da wani tsohon na asali da nake ajiye da shi don irin wannan ranar, sai ga su sun fi shi gajarta in an miƙe su. Da motar ta sauka daga maɗabbi sai su kai ƙarshensu su buga. Ga kuma robobin sama an ɗaura su an manta da faranti ɗaya. Ƙara biyu ke nan da gyaran ya haifar, ban da waɗanda ya tarar. Shi ya sa nake sayen shokozoba da lambar shasi, ba da "irin wannan" ba. Bilstein ko Sachs nake nema wa wannan motar, kuma ina zaɓar mai laushi, don an yi ta ne ta yi tafiyar raƙumi, ba sukuwar doki ba. Mai son ta tsaya ƙyam a kwana ya sayi wata motar. In wanda ka saya mai bututu biyu ne, tsayar da shi ka ja ka tura 'yan sau kafin ka ɗaura, don ya daɗe a kwance cikin kwali iska ta shiga inda mai ya kamata ya zauna.

Sifirin

A nan ba na wasa, ba na kuma barin yaro shi kaɗai. Sifirin gaban W123 dogo ne, kuma ko taya na rataye yana matse da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Mamatsin nan mai ƙugiya biyu da ake kamawa ta waje, wanda ake sayarwa da araha, ba nasa ba ne, yakan zame. Nasa faranti biyu ne da ake zurawa tsakanin zagayen sifirin, da sanda mai zare da ke bi ta tsakiya. In ba ka da shi ka ara, in ba ka samu aro ba kai motar inda suke da shi. Sa'ad da yake matse kada ka tsaya a saitin bakinsa.

In ya fito duba zagayen ƙarshe na ƙasa, nan yake karyewa ya ɓuya a cikin datti. Na daman Alhaji ya rasa kusan rabin zagaye, ga santimita biyun da na rubuta a kwali. A saman sifirin akwai roba mai 'yan ƙuraje a bakinta, daga ɗaya zuwa huɗu, kaurinsu milimita 8, 13, 18 da 23. Da su kamfani ke daidaita tsayi gwargwadon nauyin injin da kayan motar. Ƙirga naka kafin ka jefar. Kuma ban yarda a yanke sifirin ko a gasa shi da wuta don sauke mota ba, kamar yadda samari ke yi wa Caprice.

Mayarwa

Kuskuren da na taɓa yi ina saurayi, maigidana ya yi tafiya Sudan ya bar mini wata Marsandi 200, na canja mata bushin maƙas na ƙasa, na ɗaure komai tamau tana rataye, na sauke ina jin kaina. Ba a yi wata huɗu ba ta dawo, robar ta yage. Bai yi mini faɗa ba, sai ya miƙo mini bushin ya ce in murɗa shi da hannu. Robar a manne take da ƙarfen ciki da na waje, ba juyawa take yi ba, murɗewa take. In ka ɗaure taya na rataye, da ka sauke motar robar ta riga ta murɗe tun kafin a yi tafiya, kowane rami kuma ƙari ne. Don haka sa notunan bushin su kama kawai, sauke motar, tura ta gaba da baya, girgiza ta, sannan ka shiga rami ka ɗaure tana kan ƙafarta. Notuna masu kulle kansu sababbi ake sawa. Na wili ana ɗaure su a 110 Nm da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ba da tsalle a kan liba ba. Kada ka shafa wa bushin roba giris ko man injin don ya shiga da sauƙi, mai yana cin roba, ruwan sabulu ya isa.

Kafin ka kwance notin saiti na maƙas da zaren sandar baya, yi musu alama da fenti ka ƙirga zaren, don motar ta iya kai kanta wurin mizan ba tare da cinye taya ba. Mizan, wato alaimen, shi ne na ƙarshe, bayan sabon sifirin ya yi 'yan kwanaki ya zauna. Nemi mai mizan da zai saita karkatar taya da jinginar ta ma, ba tayarod kaɗai ba, don a wannan motar duka ukun suna saituwa. Ka karɓi takardar awon ka ajiye a motar.

Motar Alhaji ta ci fahas a zuwan farko. Ranar Juma'a da sassafe muka hau Hada da ita zuwa Ɗa'if, don kwanonin dutsen nan ba sa rufa wa ƙafar mota asiri. Ta bi su lafiya, sitiyari yana komowa da kansa. Sai dai wata 'yar ƙaramar ƙara, kacau-kacau, da ta ƙi barin mu tun daga ƙasan dutsen. Raina ya ɓaci, na fara lissafin robar da ke ƙarƙashin batir. Muka tsaya a gefen hanya, birai suna kallonmu daga kan duwatsu, na zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, sai ga finjalan gahawa uku a cikin tsohuwar jakar leda.

Alhaji ya karɓa ya jujjuya su. Ya ce, "Na Baba ne. Mayar da su inda suke, Mu'allim."